Sarki Nadabo da Yasmin Kurmi

A zamanin da, tun rafuffukan kudu ba su san ƙafewa ba, tun matafiyi na iya wuni cikin inuwa bai ga rana ba sai a mashigi, an yi wani sarki a wata ƙasa mai faɗi, ana ce da shi Nadabo. Ƙasarsa ta taso daga bakin yashi a arewa, ta gangara har inda itatuwa ke haɗa kai su rufe sama. Ya daɗe a gadon sarauta, har waɗanda aka haifa a shekarar naɗinsa suka ga jikokinsu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya yanke hukunci cikin fushi, talakawa kuwa sun saba da shi kamar yadda mutum ke sabawa da inuwar ƙofar gidansa.

Da tsufa ya zo masa, sai ganinsa ya ragu. Yana gane mutum da murya, amma fuska sai an matso kusa. A lokacin ne kuma fadawa suka lura ya fara yawan shiru. A kawo ƙara ya saurara, ya yanke daidai, amma da an tashi sai ya zauna shi kaɗai a soron ciki, fuskarsa na duban kudu.

Wazirinsa, wani dattijo mai dogon tunani da ake kira Cindo, ya bari har wata la'asar da fada ta watse, sannan ya shiga ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙasa lafiya, rumbuna cike, maƙwabta sun kwantar da makamai. Amma na ga akwai abin da ke cin zuciyarka. In na isa a gaya mini, kunnena naka ne."

Sarki ya juyo ya ce, "Waziri, ka san ba a birnin nan na yi yarinta ba."

"Na ji ana faɗa, ranka ya daɗe, amma ban taɓa ji daga bakin wanda ya sani ba."

Sai sarki ya ba shi labari. Shekarar da ƙanen mahaifinsa ya yi tawaye ya ƙwace birni, gidan sarauta ya watse, kowa ya kama gabansa. Mahaifiyarsa ta goya shi ta bi ayarin masu gudu zuwa kudu, har ƙafarta ta gaza a wani ɗan ƙauye na bakin rafi. Ba ta gaya wa kowa ko ita wace ce ba. Mutanen wurin suka riƙa ce mata Baƙuwa, shi kuma Baƙo. Ba ta jima ba ciwo ya ɗauke ta, wata mata mai suna Ladingo ta riƙe shi tare da 'yarta, tuwo ɗaya, tabarma ɗaya. Da mahaifinsa ya karɓe birninsa, sai wasu mahaya suka zo da rana tsaka, Ladingo tana gona, suka ɗora shi a kan doki suka taho. Mahaifinsa bai so a riƙa tuna waɗannan shekaru ba, mahayan kuma yaƙi ya cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Sarki ya ce, "Da na hau gadon nan na aika a nema. Manzanni suka dawo suka ce kowane ƙauye na kudu da Ladingonsa, kowanne kuma da kabarin wata baƙuwa daga waccan shekara. Sunan ƙauyen ban riƙe ba. Yarinyar ma, Yaya nake ce mata, sunanta ya ɓace mini. Abu ɗaya ne bai ɓace ba. Akwai wani tsiro da ya hau darnin gidan, mai farin fure. Da rana ba ka jin komai, amma in magariba ta kawo jiki sai ƙamshinsa ya cika tsakar gida, a lokacin ne ake kiranmu cin tuwo. Ladingo ta yanki reshensa ta dasa a gefen kabarin mahaifiyata. Tun da na bar wurin ban ƙara jin ƙamshin nan ba. Ina so in tsaya a kan kabarin kafin idona ya rufe gaba ɗaya, in kuma yi wa mutanen nan godiya. Gobe a yi shela: garin da ya riƙe ni zai sami sarautar kansa, ba mai ƙara taɓa ƙasarsa har abada."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, za a yi. Amma alkawari mai girma irin wannan yakan jawo masu gaskiya da marasa ita. Ina roƙon a faɗi abu biyu kawai a shela, farin fure da ƙamshin magariba. Sauran abin da ka tuna mu bar shi a cikinmu, da shi za mu auna duk wanda ya zo. Kuma a kira Malam Ɗayyabu."

Shi Malam Ɗayyabu babban malamin fada ne, ya yi karatu a gabas, ya ƙare ƙarfinsa wajen sanin itatuwa da ciyayi da magungunansu. Ya zo ya zauna gaban sarki, ya riƙa tambaya a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Ranka ya daɗe, kuna shiga cikinsa?"

"Nan muke ɓuya in an aike mu ba ma son zuwa."

"Ƙaya ba ta sukar ku?"

Sarki ya yi murmushi. "Babu ƙaya ko ɗaya. Da akwai, da Yaya ba ta shiga ba, raki gare ta."

"In kun karya reshe, wani farin ruwa yakan fito ya manne a hannu?"

"A'a. Muna karya shi kullum, hannu ba ya ɓaci. Furen ma mukan zare shi mu tsotsi gindinsa, da ɗan zaƙi-zaƙi. Kafin ya buɗe jaja-jaja ne ta waje, in ya buɗe kuwa fari fat. Ganyensa guda ne, mai sheƙi, kamar an shafa masa mai."

"Yakan yi 'ya'ya?"

Sarki ya ɗaga kai, kamar an buɗe masa ƙofar da ta daɗe a rufe. "Yana yi. Baƙaƙe, ƙanana, biyu-biyu manne da juna. Tagwaye muke ce musu. Ba a ci, ɗaci gare su. Mukan matse su mu zana wa juna tsage a kumatu. Malam, na manta da wannan sai yanzu."

Aka yi shela a birni da ƙauyuka. Ba a jima ba mutane suka fara tururuwa, kowa da reshe a hannu. Yawancinsu gauɗe suka kawo, don shi kowa ya sani da farin fure mai ƙamshi. Malam Ɗayyabu yakan karɓa da mutunci, ya nuna musu yadda furen gauɗe yake zaune a kan ɗansa, yadda yake komawa rawaya in ya kwana, da ɗan mitsitsin ganye da ke tsakanin manyan ganyensa. Yakan ce, "Wannan dangin itacen giyayya ne da tafashiya, ba shi muke nema ba. Allah ya saka da alheri." A ba su abinci su koma.

Ana nan sai ayarin fatake ya sauka daga arewa. Madugunsu, wani mai suna Ajuji, ya zo fada da wani tsiro a cikin tukunyar ƙasa, wanda ya tsallako da shi sahara yana rage ruwan shansa yana ba shi. Ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ba zan ce wannan ne naka ba, don a lambunan Masar na samo shi. Yasmin suke ce masa. Na ji shela, na ga ya dace ka ji ƙamshinsa." Aka bari har rana ta yi sanyi, aka matso da tukunyar. Sarki ya sunkuya ya shaƙa, ya daɗe a haka, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Sannan ya shafa ganyen ya ce, "Ya yi kusa ƙwarai. Amma ganyen wannan a rarrabe yake, ƙanana a jere a kan kara guda. Nawa ba haka yake ba."

Malam Ɗayyabu ya ɗauki allura ya tsaga fure ɗaya ta tsawonsa, ya nuna wa waziri. Furen kamar ɗan bututu ne siriri, bakinsa ya baje ya yi yatsu farare. A cikin bututun akwai zare biyu, kowanne ɗauke da garin rawaya a kansa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsirrai gida-gida ne. Ba a gane gida da ƙamshi ko da launi, don waɗannan ana aro. Ana gane shi da abin da ba ya sākewa: yadda ganye ke zama a gaɓa, yawan zaren da ke cikin fure, wurin da ɗa ke fitowa, da irin ruwan da ke jikin reshe. Yawancin furanni zarensu daidai yake da yatsunsu, ko ya fi. Gidan yasmin kuwa, yatsu su kai biyar, su kai tara, zare biyu ne tak. Ba su da ƙaya, ba su da nono, wato farin ruwan nan mai mannewa a hannu. Na lambu ba safai yake haihuwa ba, amma na ga na jeji a ƙasashen gabas, 'ya'yansu baƙaƙe ne, tagwaye. Abin da sarki ya tuna ɗan gidan nan ne, wanda ya zauna a kurminmu bai taɓa shiga lambu ba."

Aka yi wa Madugu Ajuji kyautar riga da doki saboda gaskiyarsa.

Bayan wannan sai ga Barde Gagarau, hakimin da ke riƙe da ƙasar kudu, ya iso da jama'a masu yawa. Mutum ne mai ƙarfi da baki, wanda ya iya gaisuwa. A gabansa ana ɗauke da ƙwarya cike da ruwa, furanni farare masu ja-ja ta waje suna yawo a kai, babu reshe babu ganye. A bayansa kuwa ga wata tsohuwa, kanta a sunkuye. Barde ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Zaki, nema ya ƙare. Garin da ya riƙe ka yana hannun bawanka, garin kawunnaina ne ma. Wannan Tabawa ce, 'yar Ladingo. Kabarin yana nan, na sa an share an kewaye."

Sarki ya shaƙi ƙamshin. Ya ce wa tsohuwar, "Ke ce Yaya?" Ta ce a hankali, "Ni ce, ranka ya daɗe," ba ta ɗago ba. Sarki ya ce a shirya tafiya.

Malam Ɗayyabu dai ya tsamo fure ɗaya ya koma gefe da allurarsa. Ya ja waziri ya raɗa masa, "Zare biyar ne, kuma gindinsa na da danƙo. Cizaki ne." Waziri bai nuna komai a fuska ba. Ya juya ya ce, "Allah ya ja zamaninka, damina ba ta gama ba, mashigai cike suke. A bari hanya ta bushe. Kafin nan Barde ya zauna a birni a karrama shi, ya kuma aika a tono mana tsiron da saiwarsa da 'ya'yansa, a dasa a gidan sarki." Barde ya ji daɗin karramawar, ya amsa.

Da suka keɓe, waziri ya gaya wa sarki gaskiya. Sarki ya ce, "Da ka bar ni da murnar nan ko ta wuni ɗaya ce, Waziri."

"Na so haka, ranka ya daɗe. Amma na ji tsoron ka je ka yi addu'a a kan tarin ƙasa, mahaifiyarka tana wani wuri. Abin da ke damuna shi ne, mutum kamar Barde ba ya rasa komai. In ya yi ƙarya irin wannan, ba kwaɗayi kaɗai ba ne, akwai abin da yake rufewa. Ka ba ni izini in je da kaina."

Waziri da Malam Ɗayyabu suka tuɓe manyan riguna, suka hau jakuna kamar masu neman magani, suka nufi kudu. Malam ya ce tsiro mai yaɗo irin wannan yana son gindinsa a inuwa, kansa a rana, ƙafarsa kusa da ruwa, don haka suka bar manyan hanyoyi suka riƙa bin rafi-rafi. A wani kwari suka tarar da wani mai zare biyu, mai 'ya'ya tagwaye, har waziri ya fara hamdala. Malam ya duba ya ce, "Ɗan gidan ne, amma ganyensa uku-uku ne a kara ɗaya, kuma da gashi-gashi. Ɗan'uwan wanda muke nema ne, ba shi ba. Amma tun da mun shiga unguwarsu, mun yi kusa."

Wata la'asar suka hango hayaƙi. Da suka matsa sai suka ga ana sare kurmi ana ƙonewa, an mai da fadamar wurin ta koma gonakin rake, barorin Barde na aiki a ciki. A gefe ga kufai, ɗakuna sun rufta, ciyawa ta cinye tsakar gidaje. A kan wani rusasshen bango kuwa wani tsiro ya yaɗu ya lulluɓe shi. Malam ya sauka daga jaki ya durƙusa. Ganye guda-guda mai sheƙi, biyu na fuskantar juna a gaɓa, wani wurin uku. Tohon fure ja ta waje. Ya karya reshe, babu nono. Ya tsaga fure, zare biyu. A ƙarƙashin ganye ga baƙaƙen tagwaye. Suna tsaye rana ta faɗa bayan itatuwa, furannin suka fara buɗewa, ƙamshi ya tashi ya cika kufan da babu kowa a cikinsa.

Wani mai kiwo ya nuna musu inda mutanen garin suka koma, can gindin wani dutse mai tsakuwa. Suka kwana a hanya, da hantsi suka isa. Aka kai su wurin babbar tsohuwar garin, ana ce mata Hankurau, doguwa, baki babu haƙori amma murya garau. Ta ba su ruwa, suka tambaye ta labarin kufan.

Ta ce, "Garinmu ne, malam. A nan aka binne cibiyata. Barde ya ga fadama ya yi sha'awa, ya ce an ba shi, ya ba mu wannan dutsen. Wanda ya yi magana aka ɗaure shi. Hanyar birni kuma da masu tsaro, ba mai wucewa."

Waziri ya ce, "Shelar sarki ba ta iso muku ba?"

"Wace shela? Ba mu ji komai ba. Sai dai kwanan baya mutanensa sun zo suna tambayar kabarin Baƙuwa, na nuna musu, suka ce duk wanda ya ƙara ambatonsa zai gani."

"Wace ce Baƙuwa, inna?"

"Wata baiwar Allah ce da ta zo shekarar gudu, da ɗanta. Ta rasu, innata Ladingo ta riƙe yaron. Ƙanena ne, sai dai ba ciki ɗaya ba. Wasu masu dawaki suka sace shi. Ko yana raye, ko an sayar da shi, Allah kaɗai ya sani."

Waziri ya sunkuyar da kai don kada ta ga idonsa. Ya ce, "Inna, ki shirya mu tafi birni, ki kai kukanki gaban sarki. Ni zan wuce da ke." Da suka zo wurin masu tsaro ya fito da zoben sarauta, suka faɗi suna gaisuwa. A nan ta san ba mai magani ba ne, amma bai gaya mata sauran ba.

Ranar da aka zauna, fada ta cika. Aka ajiye tsirrai biyu gaban sarki, na Barde da wanda aka tono a kufai. Malam Ɗayyabu ya tashi ya fara da na Barde. Ya kama hannun sarki ya bi da shi kan reshe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ji waɗannan tabo biyu-biyu a kowace gaɓa. Wurin ƙaya ne, an fere da wuƙa." Ya karya tsinke, farin nono ya tsattsafo ya manne a yatsun sarki. Ya tsaga fure ya zaga da shi gaban hakimai, kowa ya ƙirga zare biyar. Ya ce, "Cizaki ne. Itace ne mai albarka, ana cin 'ya'yansa, ana magani da saiwarsa, amma danginsa masu nono ne irin su tumfafiya. Ƙamshi kawai ya haɗa shi da yasmin." Sannan ya yi wa ɗayan haka, ya nuna zare biyu, ya sa tagwayen a tafin sarki.

Barde ya ce, "Zaki, tunanin yarinta yakan rikice. Tsiro tsiro ne. Ga mace mai rai ta ce ita ce."

Waziri ya ce, "Gaskiyarka, Barde, a tambayi masu rai." Ya sa aka fitar da Hankurau, ya tambayi Tabawa abin da suke yi da 'ya'yan tsiron suna yara. Ta dubi Barde, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ci muke yi, da zaƙi." Aka shigo da Hankurau aka yi mata tambayar. Ta ce, "Wa zai ci wannan? Sai tsuntsu. Matsewa muke yi mu yi tsage. Ni nake zana wa Baƙo, shi bai iya ba, duk ya ɓata mini fuska."

Tabawa ta fashe da kuka. Ta ce Barde ne ya ce in ba ta faɗi haka ba zai ƙwace gonar ɗanta, kabarin ma ƙasa aka tara aka jera duwatsu.

Hankurau ba ta fahimci abin da ake ciki ba. Ta durƙusa ta fara kawo kukanta na fadama da ɗakunan da suka rufta. Sarki ya saurare ta har ta kai aya, bai katse ta ba. Sannan ya ce, "Yaya, matso kusa, idona ba ya gani daga nesa."

Tsohuwar ta tashi ta matsa, dogarai suka yunƙura, waziri ya ɗaga musu hannu. Sarki ya sauke amawalinsa. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Baƙo, kai ne? Ashe kai ma ka tsufa." Ta zauna a ƙasa a gabansa ta rufe fuska da gyale. Sarki ya sauko daga kan gado ya zauna kusa da ita a kan shimfiɗa, abin da ba a taɓa gani ba a fadar nan.

Da hankali ya kwanta, sarki ya koma mazauninsa ya yanke hukunci da muryarsa ta kullum. Aka tuɓe rawanin Barde, ba don ya yi wa sarki ƙarya kaɗai ba, sai don ya kori mutane daga ƙasar iyayensu ya toshe musu hanyar kuka. Aka ce da dukiyarsa za a sake gina garin ɗaki-ɗaki, a saki waɗanda ya ɗaure, shi kuma ya zauna a birni ƙarƙashin idon dogarai. Aka yafe wa Tabawa, aka tabbatar wa ɗanta gonarsa. Aka hana sare abin da ya rage na kurmin. Mutanen garin aka ce su zaɓi nasu sarkin, a naɗa shi. Malam Ɗayyabu kuwa ya roƙi a ba tsiron suna, don a daina rikita shi da gauɗe da cizaki. Sarki ya ce ya zaɓa, ya ce yasmin kurmi, a san gidansa, a kuma san mazauninsa.

Da kaka ta yi, sarki ya tafi kudu da 'yan mutane kaɗan, ba tambari ba algaita. Aka kai shi kabarin da sassafe. Ya yi addu'a ya daɗe, ya kuma yi wa Ladingo, wadda ke kwance ba nisa. Sannan shi da Hankurau suka zauna a bakin rafi, jama'a suka ja baya.

Ya ce, "Ranar da aka ɗauke ni, me Inna ta yi?"

Ta ce, "Ta dawo daga gona ta tarar ina kuka. Ta yar da fartanya ta bi sawun dawakan har babban mashigi, ruwa ya hana ta. Bayan nan duk baƙon da ya sauka a garin sai ta kai masa fura ta tambaye shi ko ya ga wani yaro mai kaza da kaza. Har ta tsufa ba ta daina ba."

Sarki ya share ido da hannun riga. Can ya ce, "Mahaifiyata fa? Na yi, na yi, fuskarta ta ƙi zo mini."

"Doguwa ce, da wushirya. Ba ta iya daka ba ko kaɗan, in ta ɗaga taɓarya mata su yi ta dariya, ita ma ta yi. Amma ta iya kitso, duk garin nan a wurinta ake yi. Ba ta da yawan magana, irinka." Sai kuma ta ce, "Wace ce yarinyar nan da ta zuba mini ruwan alwala a gidanka, mai ɗan karkatar da kai in tana saurare?"

"Jikata ce, 'yar babban ɗana."

"To, in ka koma ka kira ta ta matso kusa, ka dube ta da kyau. Ita ce Baƙuwa, ba abin da ta rage."

Sarki ya ce zai yi. Suka ci gaba da zama, tana lissafa masa waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, yana tambaya tana amsawa, har rana ta ɗaga aka zo aka ce abinci ya sauka.

Nan labarin ya tsaya kamar yadda ya iso gare mu. Allah ya ji ƙan mutanen da, ya ba mu irin riƙon amanarsu.